Wai me ya hana motocin lantarki cika tituna har yanzu?

Mai_Nazari:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai nace bari dai in kawo shi nan ko masana harkar mota da na wuta za su warware min. Yau shekara nawa kenan ana ta cewa motar fetur kwananta ya ƙare, kowane kamfani ya fito da tasa mai batir, Tesla, BYD, Volkswagen, Hyundai duk suna ciki, Tarayyar Turai ma har doka ta yi a 2023 cewa daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar ƙaramar mota mai fitar da hayaki ba. Kuma in ka duba lissafin ba wai babu motsi bane, hukumar makamashi ta duniya IEA ta ce a 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, wato a duk sababbin motoci biyar da aka saya a duniya ɗaya mai lantarki ce.

To amma in ka cire China da wasu ƙasashen Turai sai ka ga sauran duniya kamar ma basu san ana yi ba, gidajen mai na nan suna cin kasuwarsu, motocin da ke kan titi kusan duk masu salansa ne. Shine nake tambaya wai matsalar a ina take ne? motar ce bata gama nuna ba, ko cajin ne, ko tsada, ko kuwa mutane ne kawai basa son canji, ko ma masu mai ne ke yin ƙafar ungulu kamar yadda wasu ke faɗa? Dan Allah bana son amsar 'yan talla, kuma bana son ta waɗanda suka tsani abin tun kafin su gan shi, wanda ya san shi a aikace nake nema. Nagode.

Injiniyan_Wuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ɓangaren wuta na sani shi zan taɓa, masu sifana su zo su yi nasu.

Motar kanta bata da laifi, gaskiya ma injin lantarki ya fi na fetur nesa ba kusa ba, shi na fetur a cikin ƙarfin man da ka zuba kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ke kaiwa taya, sauran duk zafi ne ke fita ta lagireto da salansa. Inda gizo ke saƙar shine yadda za a ɗura wutar cikin motar. Mu yi lissafi mai sauƙi. Matsakaiciyar mota batirinta na ɗaukar kamar kilowat-awa 60, wato yunit 60 irin na mitar gida, tana cin 15 zuwa 20 a duk kilomita 100, kenan caji ɗaya zai kaika kilomita 300 zuwa 400 in hanya da yanayi sun baka haɗin kai. In ka jona ta a soket ɗin bango irin wanda ake jona firji, kilowat 2 da ɗan wani abu zaka samu, daga ƙasa zuwa cika sai ka yi fiye da kwana ɗaya cur. In ka sa an kafa maka cajar gida mai kilowat 7 dare ɗaya ta cika, awa takwas zuwa tara. Sai manyan cajoji na kan hanya masu kilowat 50 har zuwa 350, su ne ake cewa minti 20 zuwa 40, kuma shima wannan daga kashi 10 zuwa 80 ake nufi, don da zarar batir ya haura 80 motar da kanta take rage shan wutar kar ya yi zafi ya lalace, sai kaga ɗan ragowar nan ya tsayar da kai kamar ba za a gama ba.

Yanzu dubi famfon gidan mai. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kusan kilowat-awa 9, ka zuba lita 50 cikin minti uku, kenan famfon nan da kake rainawa yana turo maka makamashi da gudun kusan megawat 9, wato kilowat 9,000. Babu cajar ƙaramar mota da ta kama ƙafarsa. Shiyasa in ana so tashar caji ta riƙa sallamar motoci yadda gidan mai ke yi dole a yawaita cajojin, kuma caja 10 masu kilowat 150 in suka kama aiki lokaci ɗaya megawat ɗaya da rabi ne, wutar masana'anta guda kenan, sai an jawo mata babban layi an kafa mata taransifoma tata ita kaɗai. Jawo layin nan kuwa ba aikin sati bane, ko a ƙasashe masu kuɗi masu gina tashoshin suna kukan jiran kamfanin wuta ya haɗa su.

Mutane suna yawan tambaya wai wutar ƙasa za ta isa kuwa in kowa ya koma lantarki? Ni ba tashar samar da wutar ce ta fi damuna ba, wayar ƙarshe ce wadda ta shigo layinku. Taransifomar unguwa da fitila da firji da talabijin da fanka aka auna ta, ba a lissafa da mota ba. Caja ɗaya mai kilowat 7 ta fi abin da gida guda ke ja a yawancin lokuta, to ka ƙaddara gida 30 a layi ɗaya kowa ya dawo aiki da magariba ya jona motarsa daidai lokacin da aka kunna komai na gida, taransifoma za ta ɗau zafi, wuta ta yi ƙasa, fiyus ya ƙone. Ana iya magance shi, a saita caja ta jira sai tsakar dare, a rage kuɗin wutar dare don a ja hankalin mutane, amma wannan sai da mita ta zamani da kamfanin wuta mai tsari. Inda kuwa wutar ma bata tsayawa zancen ya sha bamban, in sai ka tada janareta mai shan dizal kafin ka yi cajin motar da aka ce bata shan mai to me aka yi kenan. Wani zai ce sola, eh sola na yi, amma lokacin da rana take sama motar tana wajen aiki, sai dai ka sayi wani batirin ka ajiye a gida ya tara sannan ya juye wa na motar da daddare, batir biyu kenan a wuyanka.

Kuma fa ba yau aka fara ba. Wajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu lantarki ne. Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, a 1912 aka kawo sitata aka daina murɗa inji da hannu, ga gidajen karkara basu da wuta a lokacin, shikenan fetur ya cinye kasuwar.

Yar_Bene:

Injiniya Allah ya ƙara basira, amma ka ce "in ka sa an kafa maka cajar gida" kamar kowa yana da gidan. Ni haya nake a saman bene, motata a bakin titi take kwana, yau a ƙofar gida gobe sai can bayan layi in na dawo a makare, to ina zan kafa cajar? Akwai maƙwabcinmu da ya sayi mai lantarki wlh abin tausayi, waya yake zurowa ta tagar kicin ta biyo bango ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa, ya ɗora mata guntun tabarmar roba kar wani ya harɗe ya faɗi, in hadari ya taso kuma ka gan shi ya sauko da gudu yana naɗe mahaɗar da leda. Ranar da wani ya riga shi wajen fakin ɗin nan shikenan ba caji. Ya yi wa mai gida magana a kafa caja a ƙasa, mai gida yace wa zai biya aikin, mitar wa za ta karanta, in ka tashi ka bar min ita ne ko cirewa zaka yi? A nan maganar ta mutu.

Kuma duk arahar da ake yabon motar nan da ita a wutar gida take. Caja mai sauri ta kan hanya a wurare da dama kuɗinta ninki biyu ko uku ne na wutar gida, in da ita kaɗai ka dogara ribar da kake tunanin ka ci a kan fetur ta kusa tafiya ko ma ta tafi. Kaga kenan mai gida da gareji shi ke shan wuta da araha, ɗan haya ya sha da tsada, abin ya zo a juye. Ga shi kowane kamfanin caji da manhajarsa da zaka sauke a waya ka yi rajista, ka je ka tarar allon ya mutu, ko ta karɓi katinka ta ƙi sakin wuta, ko wani ya cika tun ɗazu ya bar motar a jone ya tafi sabgarsa. A gidan mai ko famfo ya lalace akwai mutum a tsaye da zai ce ki matsa gaba Hajiya, nan kuwa daga ke sai ƙarfe. Kuma akwai abin da ku maza ba kwa lissafawa, mace ta zauna minti 40 ita kaɗai ƙarfe goma na dare a ƙarshen wani filin fakin da ba kowa, mota a ɗaure da waya ko za ta gudu sai ta fita ta zare tukunna. Ni dai ba da ni ba.

Dan_Zamani:

Haba jama'a kun sa abin kamar ba mai yiwuwa ba. Anti da girmamawa, matsalarki gaskiya ce amma matsalar shiri ce ba ta mota ba, akwai biranen da tuni suke saka caja a jikin fal-wayar fitilun titi saboda irinku, Landan ma tana yi. Ku dubi Norway, a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka saya can zallar lantarki ne, kuma ƙasar ƙanƙara ce fa inda ake cewa sanyi na rage ƙarfin batir. China kusan rabin sababbin motocinta na 2024 masu caji ne, birnin Shenzhen tun 2017 ya mayar da bas ɗinsa wajen 16,000 duk na lantarki. Farashin batir daga 2010 zuwa yanzu ya faɗi da kusan kashi 90, ga samfurin batir da ake kira LFP da kamfanonin China CATL da BYD ke yi mai araha kuma mai jurewa. Sannan wannan zancen kwana ɗaya cur, waye yake ƙarar da batir kullum? yawancin mutane basa yin kilomita 50 a rana, ko a soket ɗin bango ka jona ka kwanta kafin asuba ka mayar da abin da ka ci har da ƙari. Ba canjin baƙin mai, ba fulogi, ba kuloci, ba salansar da za ta fashe, birki ma daɗewa yake don motar da injinta take rage gudu tana mayar da wutar batir. Ita ma motar fetur da ta fito ai babu gidan mai, Bertha Benz da ta yi doguwar tafiyar farko a Jamus a 1888 a kantin magani ta tsaya ta sayi man. Komai a hankali ake gina shi.

Injiniyan_Wuta:

Ƙanina duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Norway mutum miliyan biyar da rabi ne, kusan kashi 90 na wutarsu daga ruwa take zuwa, kuma gwamnati ce ta yafe wa motar lantarki harajin kaya na kashi 25 shekara da shekaru, ta rage musu kuɗin hanya da na fakin, ta ƙyale su bin layin bas, ta kuma lafta wa ta fetur haraji. Ƙasar da ke iya wannan ƙasa ce mai asusu cike da kuɗin man da take haƙowa tana sayar wa wasu. In kana son ganin abin da ke faruwa in aka janye hannu dubi Jamus, a Disambar 2023 aka tsayar da tallafin sayen motar kwatsam, a 2024 cinikin masu zallar batir ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Amurka ma ta rufe nata rangwamen na dala 7,500 a ƙarshen Satumbar 2025. Sannan malam mai tambaya ka lura, miliyan 17 ɗin nan sama da miliyan 11 a China kaɗai aka sayar, kuma an haɗa har da masu haɗin gambiza, waɗanda ke da batir da ake caji kuma ga injin fetur a ciki. Sanyin ma ba wasa bane, a Janairun 2024 da aka yi matsanancin sanyi a Chicago motoci sun yi ta mutuwa a layin caja don batir mai sanyi baya karɓar wuta da sauri sai an ɗumama shi.

Tsohon_Bakanike:

Sallama gare ku yara da manya. Na karanta duka, kowa yana maganar sabuwar mota, ni kuma abin da na sani shine yawancin masu mota a duniyar nan basu taɓa sayen sabuwa ba kuma ba za su saya ba. Mota sai ta bi hannu biyu uku huɗu kafin ta iso wajen talaka, kuma ba za a ce lantarki ta karɓu ba sai ranar da mai hannu na ukun nan ya saye ta hankalinsa kwance. Can ne matsalar take.

Motar fetur ta hannu in aka kawo min ina tada ta in saurari ƙarar inji, in zaro ma'aunin baƙin mai in murza a yatsa, in tsaya a baya in ga kalar hayaƙi, cikin minti goma na san ko ta sha wahala. In ma injin ya gaji ana buɗe shi a canza ringi a wanke a mayar, ko a sauke a ɗora wani. Ita kuwa wannan shiru take, mai lafiya da mai ciwo duk ƙara ɗaya suke yi, wato babu. Abin da ya fi komai tsada a jikinta shine batir, yana shimfiɗe a ƙarƙashi a rufe ruf, nauyinsa kilo 300 zuwa 500 ko fiye, kuma baka ganin cikinsa sai da kwamfuta. Wanda bashi da ita ya saya to sayen kifi a ruwa ya yi. Garantin batir yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, to ka lissafa da kanka, daidai lokacin da motar ta sauko farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya lokacin garantin ya ƙare. In ya mutu a hannunsa kuɗin sabo zai iya fin abin da ya sayi motar.

Don adalci, batiran yanzu suna daɗewa fiye da yadda aka yi tsoro, da yawa suna haura shekarun garantin da ƙarfinsu. Amma ba duka ba, kuma zafi shine babban abokin gabarsu. Nissan Leaf ta farko da ta fito 2010 batirinta ba ruwan sanyaya shi, masu ita a Arizona suka fara kuka tun 2012 cewa ƙarfinsa na zubewa da wuri. Irin waɗannan tsofaffin su ne ke fara gangarowa kasuwar hannu, kuma sau da yawa ƙasashe masu zafi ake tura su.

Sai gyara. Duk wayar da ka gani mai kalar ruwan lemo a jikin motar nan wuta mai ƙarfin bolt 400 ce a ciki, wasu ma 800, ba wutar da za ta fizge ka ta sake ka bace. Kafin a taɓa sai an sa safar roba ta musamman da aka gwada ba huji, a zare mahaɗar tsaro, a jira wutar da ta taru ta sauka, a auna da mita a tabbatar sifili ne, sifana ma mai rufin roba. Yaron gareji da ya saba kwanciya ƙarƙashin mota da sifana a baki ba zai iya wannan ba sai ya koma makaranta. Ko ka iya ɗin ma wasu kamfanonin sun kulle komai da manhajarsu, ka canza kaya motar ta ƙi amincewa sai dila ya jona kwamfutarsa. Batir ɗin cikinsa ƙananan ƙwayoyi ne ɗaruruwa ko dubbai, wani lokaci kaɗan ne suka lalace, mai hannu zai iya canza ɓangaren, amma wasu sababbin an zuba musu gam an haɗe su da jikin motar yadda ba a buɗewa. Shiyasa dutse ya daki ƙasan mota ya lotsa murfin batir kaɗan sai kaga kamfanin inshora ya gwammace ya yafe motar gaba ɗaya, don ba mai sa hannu yace lafiya lau ne. Daga nan kuɗin inshora ya hau kan kowa. Kamfanin hayar motoci na Hertz a Janairun 2024 ya sanar zai sayar da guda 20,000 daga cikin masu lantarkinsa a Amurka, dalilinsa tsadar gyara in an yi hatsari, ga darajarsu ta faɗi bayan Tesla ta yi ta rage farashin sababbi.

Wani abu kuma da ke cin masu shigo da ta hannu daga wata ƙasa, bakin caji ba iri ɗaya bane. China GB/T, Japan CHAdeMO, Turai CCS2, Amurka CCS1 da kuma na Tesla da Ford da GM suka ce a 2023 za su koma. Ka kawo mota mai lafiya ka je caja baki ya ƙi shiga, sai neman adafta, wani ya yi wani ya ƙi. Taya ma tana saurin ci saboda nauyi da kuma yadda motar ke fizga daga tsaye, wannan Dan_Zamani bai faɗa ba.

Mai_Nazari:

Kai Baba Allah ya saka da alheri, wannan ɓangaren na hannu ko kaɗan ba a kawo shi a labarai. To maganar gobara fa da ake ta yaɗa bidiyo? da kuma zancen ma'adinan batir ɗin, wai za su isa?

Injiniyan_Wuta:

Gobara dai alƙaluman da Sweden ta tattara sun nuna bata kai ta fetur yawan kamawa ba, bidiyon ne ya fi yawo. Matsalar in ta kama ne, ƙwaya ɗaya ta yi zafi ta kunna ta kusa da ita a haka a haka, tana cin ruwa mai yawan gaske kuma ana iya kashewa ta sake tashi bayan awoyi. A Agustan 2024 wata ta kama a wajen fakin na ƙarƙashin ƙasa a Incheon ta Koriya ta Kudu ta lalata motoci da yawa, daga nan wasu masu gidaje suka fara ɗari-ɗari da barin su kwana a ƙasan bene, kinga Anti wata ƙofar ta ƙara rufe muku.

Ma'adinai kuwa akwai su a ƙasa, rigimar ta wa ke riƙe da su ce. Kusan kashi 70 na kobalt daga Kongo yake fitowa, kuma an sha kawo rahoton yara a ramukan haƙar hannu a can, nikel fiye da rabi Indonesiya, litiyam Ostareliya da Chile na cikin na gaba, amma tacewa da haɗa batir China ce ta riƙe wuyan kasuwar. LFP ya rage buƙatar kobalt da nikel don baya amfani da su, sai dai shima kusan duka a China ake yinsa. Shine Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na China harajin kashi 100 a 2024, Turai ta ƙara nata har zuwa kusan kashi 35 a kan na da. Wato masu cewa kowa ya koma lantarki su ne kuma suka tare wadda ta fi araha a bakin boda don kare masana'antunsu.

Dan_Zamani:

Baba na ji kuma ban musa ba, amma ni ina ga kuna kallon ƙofar da ba ta nan abin zai shigo ba. Babur da mai ƙafa uku da bas su ne za su riga, don batirinsu ƙarami ne ko kuma hanyarsu sananniya ce suna kwana wuri ɗaya. Kamfanonin babur irin Gogoro a Taiwan da Ampersand a Ruwanda musanya batir suke yi, ka zo da wanda ya ƙare ka zare ka ɗau cikakke cikin minti biyu, batir ɗin ma ba naka bane balle ka damu da tsufansa, kaga ya kashe matsalar Baba da ta Anti lokaci ɗaya. Kamfanin NIO na yin haka da motoci a China. Ga Habasha ta hana shigo da motocin fetur da dizal tun 2024 don kuɗin shigo da mai ya ishe ta kuma tana da wutar madatsar ruwa.

Tsohon_Bakanike:

A babur na yarda ɗana, batirin da mutum zai ɗaga da hannu ne. A mota sai kamfanoni sun yarda su yi batir girma ɗaya fasali ɗaya, su da ko bakin caji sun kasa haɗa kai a kansa. Kamfanin Better Place ya gwada musanya batirin mota a Isra'ila ya karye a 2013. Habashar ma kusan rabin jama'arta basu da wuta a gida, cajojin kuma yawanci a Addis Ababa suke, doka ta riga waya isa.

Malam mai tambaya in dai har ta hannu za ka saya wata rana, kar ka tsaya kallon fenti da kilomita. Ka sa a jona kwamfuta a gabanka a nuna maka kashi nawa ya rage na lafiyar batir, kar ka yarda da lambar da ke kan allon sitiyari don ita da irin tuƙin baya take lissafi. A ɗaga motar ka duba ƙasanta da fitila ko akwai lotsawa ko alamar ta shiga ruwa, ka tambayi ko batirin da ruwa ake sanyaya shi, ka kai ta caja mai sauri ka ga bakin ya shiga kuma tana jan wuta yadda ya kamata. Sannan kafin ka biya ka nemo wanda zai iya buɗe batirin wannan samfurin a inda kake, ka je garejinsa ka ga safar da mitar da idonka.